Kalmar Ƙarya Da Na Koya Wa Baba

"Kalma ɗaya nake so a yaren nan, Uwata," in ji Baba. "Yadda suke cewa ƙarya."

Muna rumfar filin da yake sayar da motoci, ni a kan benci da kular abincinsa a cinyata, shi a kan tsohuwar kujerar mota da ya ciro ya ɗora bisa bulo. Ya ji ni ina maimaita Sifaniyanci da manhajar wayata, shi ne ya sa baki.

Na ce, "Baba, ai gaisuwa ake fara koya."

"Gaisuwa ko da ka aka yi ta an gane. Duk tashar jirgin ruwan da na je sayen mota, wannan kalmar nake fara nema. Ki ce wa mutum ƙarya kake da harshen uwarsa, ki ga yadda zai gyara tsayuwa." Ya karɓi kular ya ajiye bai buɗe ba. "Ga ciniki. Ki koya min ita kai da ƙafa: ni, kai, shi, mu, su, ta yau da ta jiya. Ni kuma zan zauna da Dogon naki a waya. In na kama shi da ƙarya, magana ta dawo hannuna, abin da na yanke ya zauna. In ban kama shi ba, ya turo manyansa, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Na ce, "Albarka."

Ya ɗago ya dube ni. "Au, 'yar dillali ce fa. To, taya."

"Zama ɗaya kawai. Ba tsawa. Kuma Goggo tana wurin, ta zama shaida."

"Yaya ba shaida ba ce, lauyarsa ce. Amma na sallama."

Ya miƙo hannu muka tafa irin tasu ta 'yan kasuwa. Jama'a, da dariyata na tafa. A raina na ce tsohon nan ya sayi wahala, don in dai Dogo ne, ko a wasa ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba.

Bari in warware muku yadda aka zo nan. Mu uku ne a gida tun rasuwar mahaifiyata: ni, Baba, da Goggo yayarsa, wadda ta zo zaman kwana kaɗan ta kafa gado. Ina aiki a shagon gilashin ido, ni ke gwada wa mutane firam in ɗaure musu kusoshin da suka kwance. A lissafin Goggo na daɗe da wuce lokacin aure. Duk safiya ina ɗaura mayafi a gaban madubin falo za ta ce, "Sa'anninki suna kai yara makaranta, ke kina kai wa tsofaffi tabarau."

Ita ta kawo Dogo. Ɗan aminiyarta ne, ya yi shekaru a wata ƙasa da ake Sifaniyanci. Aka ce direba ne a wani babban kamfanin kai kaya, yana da gidansa. Ranar da ya fara kirana ta bidiyo na ga farin bango, labule mai ruwan zuma, da baranda cike da tukwanen furanni. Goggo ta leƙo ta kafaɗata ta gani, kafin la'asar duk layinmu sun san launin labulen.

Amma kada ku ɗauka don baranda na so shi. Dogo yana da kunne. In na ce masa wata tsohuwa ta yi min masifa a shago don gilashinta yana zamewa, bayan kwanaki zai tambaya ko ta dawo. Ranar da na ce gwiwar Baba ta ƙi masa tashi daga kan darduma, saƙon murya ya turo mai tsawo:

"Kada ki ja shi ta hannu, za ki gurɗa masa kafaɗa. Ki tsaya a gefen da ya fi rauni, hannunki a bayansa, ki bar shi ya tashi da kansa, ke jingina ce kawai. Kuma ki sa a kafa masa ƙarfen riƙewa a banɗaki."

Na yi yadda ya ce, Baba ya miƙe sumul. Na ce a raina, wannan mutumin har tsofaffi ya iya. Ban tambayi inda direba ya koyi wannan ba.

Baba kuwa tun farko ya ƙi sakin jiki. "Ni ban taɓa sayen mota a hoto ba," shi ne kawai abin da yake cewa. A filin motoci ba a kiransa da sunansa, Maganaɗisu ake ce masa, saboda wani ɗan maganaɗisu da yake yawo da shi a aljihu, naɗe cikin hankici don kada ya karce fenti. In aka kawo mota tana sheƙi, zai bi jikinta da shi a hankali. Inda ƙarfe ne zai kama. Inda aka taɓa yin karo aka cike lotsawar da poti aka fesa fenti, sai ya saki ya faɗo tafin hannunsa. Ba ya cewa komai. Sai dai ya ɗora shi a kan bonet ya dubi mai motar. Mu a gida mun san alamar: in Baba ya fito da maganaɗisu ya ajiye a gabanka, an kama ka.

Darasi ya kankama a rumfar nan, duk ranar da na kai masa abinci. Baba bai yi zurfi a boko ba, da kunne yake ɗaukar komai, kuma kunnen nan ba ya yarwa.

Na ce, "Uwar kalmar ita ce mentir, yin ƙarya. In kai ne ke yi yanzu, miento."

"Miento."

"In kana gaya wa wani, ƙarya kake, mientes."

Fuskarsa ta washe. "Yauwa! Ga kayan aiki. Mientes. Mientes." Ya juya ta a baki kamar mai ɗanɗana shayi.

"Shi ko ita, miente. Su, mienten. Mu kuma, mentimos."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Uwar ta ce men. 'Ya'yan suka ce mien. Da aka zo kan mu kuma aka koma men. Wa ya lanƙwasa ta a hanya?"

"Haka take, Baba. Wasu kalmominsu cikinsu yana sauyawa. A ni, kai, shi da su tana lanƙwasa, a mu tana miƙewa."

Ya shafa gemu. "Mutanen nan sun san duniya. Mutum shi kaɗai in zai shara ta sai ya karkace baki. In taro ne kuwa, kamar taron ƙungiyarmu ta dillalai, a miƙe take fita ba gargada."

Ta jiya ta ɗan ba shi wuya. Mentí, na yi ƙarya. Mentiste, ka yi ƙarya. Mintió, ya yi ƙarya. Ya ce wannan ta ƙarshen an sake mata inji. Amma ya riƙe. Yana alwala yana mentí, mentiste, har Goggo ta ce ko dai a nemo masa mai addu'a.

Wata rana ina wurin wani mai ƙaton agogo ya kawo baƙar mota zai sayar. Yana ta rantsuwa matarsa ce kaɗai ke hawa, daga gida sai asibitin da take aiki. Baba ya buɗe ƙofa, ya duba fedar kuloci da ta cinye har ƙarfe ya fito, ya yi murmushi mai daɗi ya ce, "Mientes, Alhaji."

Mutumin ya ce, "Na'am?"

"Addu'a ce ta mutanen waje."

"To, amin, amin."

Sai da na shige bayan wata bas na toshe baki da mayafi.

A ɓangaren Dogo kuwa, na gaya masa Baba yana son su gaisa, ban gaya masa da ciniki ba. Ya rubuto: "Gabana ya faɗi." Na tura masa fuskar dariya, na ce, "Mai gaskiya me zai tsorata?" Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Can sai ga: "Haka ne." Yanzu da nake ba ku labari na san abin da yake ta gogewa. A lokacin cewa na yi kunyar suruki ce.

Muka sa ranar da ba na zuwa shago, bayan azahar. Na share falo, na sauya rigunan kujeru zuwa masu ruwan toka, na kawar da kwandon magungunan Goggo daga kan talabijin. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya da farin mayafi, kwalli kawai a ido. Goggo ta fito cikin leshin da take ajiye wa manyan taruka, da sarƙa da awarwaro har gwiwar hannu, turarenta ya riga ta shigowa. Baba ya dube ta ya ce, "Yaya, ke za a nema ko ita?" Shi ko hula bai sauya ba.

Na jingina wayar da fulas a kan tebur, muka jeru a doguwar kujera, Baba a tsakiya.

Dogo ya bayyana cikin farar riga an goge ta har tana ƙyalli, farin bangon nan a bayansa. Ya sauko daga kujera ya durƙusa har sai da kansa ya fita daga hoton. Goggo ta dafe ƙirji. "Ka gani ko? Tarbiyya!"

Aka gaisa, aka tambayi iyaye, aka tambayi sanyi. Baba ya jingina kamar mai jin barci.

"An ce tuƙi kake."

"Eh, Baba."

"Madalla. Sana'ar maza. Wace iri suka ba ka?"

"Farar mota ce, Baba, babba, ta ɗaukar kaya."

"Yaya lafiyarta?"

"Lafiya lau. Ba ta da matsala ko ɗaya."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Kai kaɗai ke hawanta, ko kuna karɓa-karɓa?"

"Muna... karɓa-karɓa."

"To wanda kake karɓa a hannunsa, yaya yake bar maka ita?"

"Tsaf, Baba. Mutumin kirki ne."

"In ka yi lodi ka taka birki, wane gefe take ja?"

"Ba ta ja."

"Ikon Allah," in ji Baba.

Ni dai ban ji wani abin aibu ba. Goggo sai gyaɗa kai take kamar ita ta ƙera motar. Sai na ga hannun Baba ya shiga aljihu. Ya fito da hankicin nan, ya warware, ya ajiye maganaɗisu a kan tebur kusa da fulas. Ya yi ƙara a kan gilashin teburin.

Baba ya gyara murya, ya buɗe baki. Na ga leɓɓansa sun haɗu za su fitar da kalmar da ni da kaina na koya masa.

Bai kai ga faɗa ba. Daga can ɓangaren Dogo wani abu ya faɗi, ƙarfe ya bugi tayil, sai wata tsohuwar murya mai rawa ta ƙwala kira.

Dogo bai ce mana ko ku yi haƙuri ba. Ya zabura, gwiwarsa ta bugi teburinsa, wayar ta juya ta kalli wani lungu da ban taɓa gani ba. Ƙarfen riƙewa a jikin bango tun daga farko har ƙarshe. Ƙofar banɗaki a buɗe. A bakinta wani tsoho fari fat da furfura yana kwance a ƙasa, keken dogarawarsa ya kife a gefe.

Goggo ta ce, "Innalillahi! Wane ne wannan?"

"Yi shiru, Yaya," in ji Baba. Ya matso bakin kujera.

Dogo ya durƙusa. Bai ja shi ba. Ya tallafi kansa, ya shafa ƙugunsa da cinyarsa yana tambayarsa a hankali, tsohon yana amsawa. Wandon tsohon ya jiƙe, ko daga nan ana gani. Dogo ya miƙa hannu ya jawo tawul ya rufa masa tukuna, kafin komai. Sannan ya koma gefen da ya fi rauni, ya sa hannu a bayansa, daidai yadda ya koya min, ya bar shi ya yunƙura. Da ƙafafun suka ƙi, sai ya ɗauke shi cak kamar yaro, ya shige da shi banɗaki ya tura ƙofa da ƙafa.

Muka zauna muna kallon lungu ba kowa, muna jin ƙarar ruwa.  Har awarwaron Goggo sun daina ƙara.

Da ya dawo, farar rigar ta jiƙe ta manne masa, hannayenta a naɗe. Ya ɗauki wayar da niyyar sake kiranmu, sai ya gan mu. Mu uku, a jere, muna kallonsa. Ban taɓa ganin fuska ta mutu a tsaye irin haka ba.

Goggo ce ta yi wuf. "Maƙwabcinka ne ko? Allah sarki! Ka ga ɗan albarka, har maƙwabta yake taimako. Maƙwabci ne ai, ko?"

Jama'a, ƙofa ta buɗe masa, har da shimfiɗa. Eh kawai zai ce. Ni kaina a lokacin addu'a nake ya ce eh.

Bai dubi Goggo ba, bai dubi Baba ba. Ni ya duba. Bakinsa ya motsa ya kasa, kamar Hausar ta yi masa nauyi. Sai ya faɗa da yaren da yake zaton mu biyu ne kawai ke ji:

"Te mentí."

Baba ya ɗaga yatsa. "Tsaya, wannan tawa ce. Mentí. Na yi ƙarya, ta jiya." Ya juyo gare ni. "Wannan te ɗin da ya sa a gaba fa, Uwata? Ba mu yi shi ba."

Da ƙyar na ce, "Ni ce, Baba. Ni ya yi wa."

Dogo ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ba direba ba ne, bai taɓa zama ba. Lasisinsa ba ya aiki a can. Aikinsa kula da wannan tsohon: wanka, ciyarwa, magani, sauya masa kaya in ya ɓata. Gidan na tsohon ne, barandar da furannin na marigayiyar matarsa ne. Shi ɗakinsa wani ɗan ƙarami ne a bayan kicin.

"Mahaifiyata na fara gaya wa tuƙi nake," ya ce, "don na san ba za ta iya faɗa a cikin mata cewa ɗanta yana wanke tsohon wasu ba. Ita ta gaya wa Goggo, Goggo ta gaya miki. Ranar da na fara kiranki kika ce, ya hanya, direba? Na tarar da ita a bakinki tana jirana. Kullum sai in ce yau zan cire ta, sai in ji kina dariya, in ce gobe."

Tsohon ya sake kira daga ciki, wannan karon ba da tsoro ba. Baba ya ce, "Kai ni wurinsa."

"Baba?"

"Ka kai ni in gaida maigidanka. Mun shigo masa gida ba sallama."

Dogo ya shiga da wayar. Tsohon yana kan gado an jingina shi da filo, an sa masa busassun kaya, an taje masa furfura. Suka kalli juna da Baba. Baba ya ɗaga masa hannu, ya lalubi kayan aikinsa, bai da wata kalma sai ɗaya. Ya nuna Dogo da yatsa ya ce, "Miente."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Ya kama hannun Dogo ya riƙe, ya ce, "Sí, miente," ya ƙara wata magana gajera. Dogo ya sunkuyar da kai ya ƙi fassarawa.

"Me ya ce, Uwata?"

Na ji ta sarai, da ma ban ji ba. "Ya ce eh, yana ƙarya. Kullum in ya ɗauke shi sai ya ce masa ba shi da nauyi ko kaɗan."

 Baba ya miƙa hannu ya kashe kiran da kansa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Goggo ta miƙe tana cire awarwaro ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a kujera. "Mai wankin tsoho! Ni za a yi wa haka? Na gaya wa matar mai kanti, na gaya wa masu kitso, har hoton barandar na nuna! Da wane ido zan fita?" Ta juya kan Baba. "Kai ka ci cinikinka, sai ka yanke. A yau ɗin nan a rufe maganar!"

Matar da ta hana ni shan ruwa a kan Dogo ke nan fa.

Ni ɗaki na shige na kife. Wayata tana ta haske a kan gado, ban taɓa ta ba. Ba aikin ne ya ƙona ni ba, wallahi. Ni ma tsofaffi nake ɗaure wa tabarau. Abin da ya ci min rai, duk ranar da na ce masa Allah ya tsare hanya, amin yake cewa.

Washegari na kai wa Baba abinci, ido a kumbure, na sa gilashin rana na shagonmu. Yana kan kujerarsa yana juya maganaɗisun a hannu.

Na ce, "Ta yaya ka gane?"

"Tun tambaya ta biyu. Na shekara ina hulɗa da direbobi tun ba a haife ki ba, ban taɓa ganin wanda aka tambayi lafiyar motarsa bai kawo ƙara ba. Ko jiya aka fito da ita daga kamfani, zai ce giya tana tauri, ko lagireto yana zafi. Kuma direban da zai yabi wanda yake karɓar mota a hannunsa, ba a haife shi ba."

"To ka ci. Ka yanke."

"Zan yanke. Zauna." Na zauna. "Uwata, duk motocin da ke filin nan, ba wadda ba ta da poti. Har wadda nake hawa. Ba don in sami mai tsarki nake yawo da wannan abin ba. So nake in san inda ciwon yake, a fatar jiki ne ko ya taɓa ƙashin mota. In fata ce, a kankare a sake fenti. In ƙashi ya karkace, ko kyauta aka ba ni ba na so, don wata rana za ta watsar da mutum a kwana."

Ya ɗora maganaɗisun a kan benci.

"Yaron nan da ya ji tsoho ya faɗi, yana da lokacin da zai kashe waya ya ce netwok ne. Ɗan yatsa ɗaya ne. Bai ma tuna da mu ba. Sannan Yaya ta miƙa masa sabon fenti har da buroshi, ya ƙi karɓa. A sana'ata, wanda ya kama hannuna ya kai inda potin yake, da shi nake ciniki." Ya shafa gwiwarsa. "Kuma na ga tawul ɗin nan. Ni ma hanyar da na dosa ke nan, ba na ɓoye wa kaina."

"Wato ka yarda da shi."

"Ban ce ba. Ƙaryar ba ni aka yi wa ba, ke da bakinki kika fassara min te. Magana ta dawo hannuna, to ga abin da na yanke. Na ɗaya, ya kira uwarsa ya gaya mata aikinsa da Hausa, ba da yaren da zai ɓuya a ciki ba. In bai yi ba, babu zance. Na biyu, in ya yi, sauran naki ne. Ki ce a tafi, a tafi. Ki ce a tsaya, a tsaya."

Na miƙe na gyara mayafi. Na yi magana da muryar da nake yi wa masu neman ragi a shago.

"Ba sai ya wahalar da kansa ba, Baba. Ni na fasa. Ba na son shi, ya fita daga raina gaba ɗaya."

Baba ya buɗe kula, ya leƙa abin da ke ciki, ya ɗauki cokali. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya tura maganaɗisun da ɗan yatsa a kan benci har ya tsaya a gabana.

"Mientes," ya ce.

Na tsaya kamar an dasa ni. Na so in yi fushi, dariya ta riga shi fitowa, hawaye ya biyo ta ta ƙarƙashin gilashin.

"In za ki dawo gobe," in ji shi da abinci a baki, "ki nemo min yadda suke cewa suruki. Ba don komai ba. In ajiye."

To ga yadda kasuwa ta tashi. Baba ya ci ciniki, ya tafi da kalmarsa kai da ƙafa, yanzu har dillalan filin suna ce wa juna mientes. Tsohon can ya riƙe mai ɗaukarsa. Goggo ce ta yi asara mai yawa, ta rasa baranda da labule, ta daina bi ta gaban masu kitso. Dogo ya rasa farar motar da bai taɓa hawa ba, kuma ya kira mahaifiyarsa, don kukanta ta wayar Goggo har ɗakina na ji shi. Ni kuwa na faɗi ciniki, aka kuma ɗora min hukuncin da na so wani ya ɗauke min. Saƙon muryar da ya turo bayan ya gama da mahaifiyarsa yana nan a wayata, har yau ban saurara ba.

Miento. Na saurare shi har na haddace. Amsa ce dai ban ba shi ba.